Rumfar Mota Ta Koma Ɗakin Kafinta

A cikin shekarar 1975, sa'ad da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ma'aikata da yawa sun kafa wa motocinsu rumfar kwano a ƙofar gida. Yau labari ya sha bamban. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 1923 da ɗari bisa, wato 2023, magidanta da dama sun sayar da motocin, rumfuna suka zama wurin kwanan awaki. Waɗansu kuwa, musamman masu ritaya, sun ga gara su mai da rumfar wurin aikin katako, ko sa sami na cefane.

Shawarar ba ta da laifi, domin rufi da daɓen siminti, waɗanda su ne masu cin kuɗi, suna nan. To, amma wanda ya yi gaggawar toshe rumfar da bulo ta kowane gefe zai ciji yatsa. Tsawon irin wannan rumfa bai cika wuce ƙafa 20 ba, falanki kuwa ƙafa 12 ake sayar da shi a kasuwa. In za a tsaga shi a kan injin zarto, sai an sami ƙafa 12 gaban injin da ƙafa 12 bayansa. Saboda haka masu lura sukan bar mashigar motar da faffaɗan ƙyaure mai buɗewa duka, su girke injin kusa da baki. Daɓen ma an karkatar da shi ne don ruwa ya gangara, sai an yi wa teburin aiki matashi kafin ya zauna daidai.

Babbar jarrabawa ita ce katakon kansa. Yawancin falankin da ake saukewa a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko a Dei-Dei ta Abuja, daga dazuzzukan kudu yake fitowa, sau da yawa da ɗanyensa. Mai sabon hannu ya saya yau, gobe ya harhaɗa kabad, ya shafe shi da fenti yana ta murna. Da hunturu ya kama, katako ya saki ruwan jikinsa ya tsuke, ƙofa ta kanannaɗe, mahaɗi ya buɗe baki, mai kaya ya dawo yana neman kuɗinsa. Maganin abin shi ne haƙuri. A jera falankin a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa don gara, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu yadda iska za ta ratsa, a bar shi ya yi watanni. Bangon rumfar da ruwan damina ba ya fesowa, nan ne wurinsa.

Madobiya, wadda kafintoci ke so saboda kyan jikinta, ta yi wuya, don an sare ta ba kan gado ana kaiwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2016. Maɗaci da malaina sun ishi mai koyo.

Sai kuma ƙura, wadda aka fi rainawa. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo sankara, ta loko kuma an san tana tayar da asma. Rumfa dai a jikin gida take, galibi tagar ɗakin kwana ko ta madafa na kallonta. Wannan taga ya kamata a fara toshewa, a buɗe wata ta ɓangaren waje, mai aiki kuma ya rufe hancinsa. Janareto ba ya zama cikin rumfa, gudun hayaƙinsa mai kisa. Kowace yamma a kwashe garin katako, a kai gwangwanayen fenti can nesa da murhu.