Shin Loɓa Tana Dawowa Bayan Kaciya?

Da sanyin hunturu ya kama, wanzamai a Rimaye da ƙauyukan Kankiya da Kusada kan shiga hidimar yi wa yara kaciya. A lokacin ne zancen nan kan taso a majalisa, wai loɓar da aka yanke tana iya dawowa. Masu riƙe da babbar waya har sukan ce sun ga tallar man shafawa da ke tsiro da ita.

Batun mai dai ƙarya ne. Fatar da aska ta ɗauke ta tafi ke nan, babu mai ko saiwa ko ƙwayar da za ta mayar da ita.

Amma zancen yana da tushe. A Amurka da Turai akwai mazan da ba su ji daɗin kaciyar da aka yi musu suna jarirai ba, har wani Ba'amurke mai suna Jim Bigelow ya rubuta littafi a kan lamarin a 1992. Abin da suke yi shi ne jan fatar da ta rage, wani da hannu, wani da filasta da roba, wani ya rataya ɗan ƙarfe mai nauyi. Dabarar ɗaya ce: fata in an daɗe ana jan ta a hankali takan ƙaru, kamar ta cikin mai juna biyu. Jan hannu ba ya cin kuɗi, sai dai haƙuri. Nauyi da roba kuwa, in aka zarce, sukan yage fata ko su tauye jini. Kowace hanya aka bi, aikin shekaru ne, kuma abin da ake samu fata ce mai rufe kan gaba kawai. Jijiyoyin da suka tafi da loɓar asali ba sa komowa.

Abin da ya fi shafar mu shi ne na yara. Uwa takan duba ɗanta bayan 'yan watanni ta ga fata ta rufe kan, hankalinta ya tashi, a ce kaciya ba ta yi ba. Galibi kitsen mara ne ya turo fatar gaba, musamman ga yaro mai ƙiba, ko kuma fatar ta manne da kan a lokacin warkewa. Wani sa'in kuma tun farko wanzami ne ya rage fata da yawa. A nan ake kuskuren mayar da yaro a ƙara yanka, alhali in kitse ne, sai a bar shi da ƙarancin fata, gyara ya zama na tiyata. A fara kai shi Babban Asibitin Kankiya likita ya duba, ballantana in fitsari na yi masa wuya ko wurin ya kumbura.