Yadda A Kan Gane Ƙasar Da Ta Mutu Da Wadda Ke Barci

Da hutun bazarar da ta wuce na je gida, wani ƙauye arewa da Kano wajen Dambatta, na tarad da mutane suna zancen wani baƙo mai duba ƙasa da aka aiko musu. Ya zo da rana tsaka, ya zaga gonaki cikin mota, kafin la'asar ya juya. Daga baya aka ji wai ya rubuta ƙasarmu ta mutu, hamada ta cinye ta. Mahaifina da ya ji haka sai ya yi dariya, ya ce a gaya wa baƙon ya komo lokacin da gero ke fid da kai. Abin dariya ne, amma fa bisa ga irin wannan takarda a kan raba kuɗin gyaran ƙasa, saboda haka ya kamata mu da za mu zama malamai mu san yadda a ke wannan awo.

Kuskuren ba sabo ba ne. Cikin 1934 wani Bature masanin daji, E. P. Stebbing, ya ratsa ƙasashen nan, cikin 1935 ya buga labari cewa Sahara na tahowa kudu, ya ba da shawara a yi mata shinge da itatuwa. Hankalin hukuma ya tashi, har Ingila da Faransa suka haɗa ma'aikatansu na daji, suka bi iyakar Nijeriya da Nijar cikin 1936 da 1937. Da suka komo suka ce ba su ga rairayi yana tafiya ya rufe ƙasa ba. Ɓarnar da suka gani ta nan da can ce, kuma hannun mutum ya yi ta.

Wanda ya zauna ya yi awon da haƙuri shi ne Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Zariya da Kano. Cikin 1965 shi da J. Wilson suka fid da littafi a kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda suka sami fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar a na nomansa kowace shekara, ba hutu. Ga lissafin masana irin wannan ƙasa da tuni ta gaji. Alhali kuwa da aka gwada hotunan da jirgin sama ya ɗauka kafin farin 1973 da bayansa, aka ƙidaya itatuwan gona, sai aka ga ba su ragu ba: kamar 12 zuwa 15 a hekta guda, watau eka biyu da rabi.

Dalilin kuwa kowane ɗan ƙauye ya san shi, ko da bai taɓa faɗa ba. Manomi ya kan shuka wake da gyaɗa tsakanin hatsi, da kaka ya ɗaure harawa ya ɗora bisa itace ko soro. Tumaki da awaki suna turke duk damina, a yanko musu ciyawa, da rani su ci harawa. Takinsu da toka da sharar gida a kan zuba cikin mangala, jaki ya kai gona, a jera tsibi tsibi kafin ruwan shuka. Gawo kuma ya kan kaɗe ganyensa da damina, bai tare wa gero rana ba, sa'an nan ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Cikin shekarun 1990 Frances Harris ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita a ƙauyen Tumbau, arewa maso gabas da birni, ta nuna wannan zagayen shi ke riƙe da ƙarfin ƙasar. Har ƙurar hunturu da mu ke tsinewa tana da nata taimako.

To, ashe babu ɓarna ke nan? Akwai, sai dai baƙonmu bai duba inda ta ke ba. Tana filin da ba na kowa ba: burtali da makiyaya da bakin tafki. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo cikin 1965, amma a ƙasa mai yawan jama'a kamar tamu kowace shekara sai mai gona ya ƙara kunya ɗaya cikin burtali. Hanyar da garke ke bi a sake ta zama ba ta isa shanu biyu su jera ba, daga nan sai ɓarna, sai tara, wani lokaci har jini.

Ciyawa ita ce shaida ta fari a irin wannan fili, gama tana tafiya daki daki. Gamba, wadda saiwarta ke kwana cikin ƙasa shekara da shekaru, ita shanu suka fi so, ita ke fara ɓacewa. Kyasuwa ta gaje ta, bayanta ƙarangiya. In ka ga fili ya yi kore shar da tafasa da tumfafiya, kada koren ya ruɗe ka: sun yi yawa ne don dabba ba ta kula su. (Mu dai mu kan ci kwaɗon tafasa, amma saniya ba ta san daɗinsa ba.) Ƙarshen abin fako, inda fuskar ƙasa ta daskare. Zuba ruwan buta ɗaya za ka gane: jigawa mai rai ta shanye nan da nan, a fako kuwa sai ya gangara, kuma gangarawar nan ita ke haƙa kwazazzabo. Saiwar itacen da ta fito sarari tana nuna kaurin ƙasar da ruwa ya kwashe.

Wannan awo bai fi ƙarfin makarantar ƙauye ba. Malami ya sami igiya mai taki 100, ya miƙe ta cikin burtali tsakanin turaku biyu da ba za a tuge ba. Yara su bi ta, kowane taki su faɗi abin da ƙafa ta taka, ko gamba, ko tafasa, ko ƙasa tsirara, ɗaya yana rubutawa. A auna faɗin burtalin, a kafa wani turke taki 10 daga bakin kwazazzabo. A yi haka sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar bazara, a wuri guda, a rubuta yawan ruwan shekarar kusa da shi, domin shekarar fari kan sa fili mai lafiya ya yi kama da matacce. Littafin kuwa a bar shi a makaranta in an yi wa malamin canji, a kuma riƙa karanta wa dagaci da arɗo abin da ke ciki gaban juna.