Fasa mithen wajen sarrafa tiritiyam

Fasa mithen mataki ne da ake bi a cibiyoyin sarrafa tiritiyam domin a raba iskar mithen gida biyu, wato kabon da haidurojin, a ƙwato tiritiyam ɗin da ya maƙale a cikinta. Tiritiyam nau'in haidurojin ne mai fitar da tururin nukiliya, kuma rabinsa yana rikiɗewa ya koma hiliyam-3 cikin kimanin shekara 12.3. Yana da tsada da wuyar samu, sannan sakinsa cikin iska haɗari ne ga lafiya, shi ya sa ba a yarda ya salwanta.

Asalin matsalar

A injinan gwajin haɗa ƙwayoyin zarra masu bangon kabon, tiritiyam yana haɗuwa da kabon ɗin bangon ya zama mithen. Mithen ba ta saurin rabuwa, kuma matatar faladiyam da ake tace haidurojin da ita ba ta barin ta wuce. Idan ba a fasa ta ba, tiritiyam ɗin zai bi sharar iska ya fita. Ana fasa ta ta hanya biyu: katalis ko geta.

Katalis

Katalis sinadari ne da ke hanzarta rabuwar ba tare da shi kansa ya ƙare ba. An fi amfani da nikel mai zafi, a haɗa shi da bututun faladiyam da azurfa. Bututun yana janye haidurojin da zarar ya fito, hakan kuma yana sa rabuwar ta ci gaba. Ɗakin binciken tiritiyam na Karlsruhe a Jamus ya yi aiki sosai kan irin wannan tsari domin injin ITER da ake ginawa a kudancin Faransa. Illarsa ita ce kabon yana taruwa a kan nikel ɗin har ya rage masa ƙarfi, sai an tsaya an kawar da shi.

Geta

Geta kuwa gaurayen ƙarfe ne da ke zuƙe wasu sinadarai ya riƙe su. Sananne a nan shi ne St 909 na kamfanin SAES da ke Italiya, wanda aka haɗa da zarkoniyam da manganis da baƙin ƙarfe da alminiyam. A zafin da ya kai wajen digiri 700 na ma'aunin Salshiyas, yana fasa mithen da tururin ruwa, ya riƙe kabon da oksijin, ya saki haidurojin. Daga nan sai wani geta, kamar St 198, ya kama tiritiyam ɗin. Cibiyar Savannah River ta Amurka ta yi amfani da St 909 a aikinta.

Bambancinsu

Katalis ana iya sabunta shi a ci gaba da aiki. Geta ya fi sauƙin sarrafawa, amma idan ya cika dole a sauya shi, tsohon kuma ya zama shara mai ɗauke da tururin nukiliya.