Ko tabilet za ta iya ture laftof?

Netbuk dai tuni ta sha ƙasa. Wannan 'yar ƙaramar kwamfutar cinya mai araha ta yi tashe daga 2007, lokacin da Asus ya fito da Eee PC. Sai Apple ya kawo iPad a 2010, kasuwa ta juya. Zuwa farkon 2013 Asus ya daina ƙera ta. Ba abin mamaki ba ne: aikinta bai wuce duba imel, shiga intanet da kallon bidiyo ba, kuma tabilet ta fi ta sauri, rashin nauyi da riƙon caji.

Laftof kuwa ba kanwar lasa ba ce. Ka gwada rubuta kundin kammala digiri a kan gilashin tabilet: madannai sun cinye rabin fuskar allon, yatsa na taɓa harafin maƙwabci, ga wuya ya ƙage. Mai lissafi a Excel da mai tace bidiyo suna buƙatar linzami, faffadan allo da wurin soka filas. Shi ya sa Microsoft ya haɗa tabilet ɗinsa Surface da madannai tun 2012.

Haka ma ga ɗalibin da zai zana jarrabawar JAMB a kwamfuta, gara ya saba da madannai da linzami tun da wuri.