Idan Aka Gayyaci Mai Bi Bikin Auren Sinawa

Mu da ke zaune a Araba da kewayen Illela mun saba da zuwa biki a wata ƙasa. Ana tsallaka iyaka a shiga Birnin Konni, a ba da gudummawa da sefa, a dawo gida kafin dare. Amma ciniki ya kai 'yan'uwanmu nesa. Waɗansu suna zuwa saro kaya a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, inda ake babban baje koli tun 1957, waɗansu kuma suna hulɗa da Sinawa a Kano. Wata rana abokin ciniki zai miƙo jan kati, ya ce ɗansa zai yi aure. A je, ko kada a je?

Mu dai muna cewa a je. Ubangijinmu Yesu ya halarci biki a Kana ta Galili, Manzo Bulus kuma a 1 Korintiyawa 10:27 bai hana mai bi amsa gayyatar marar bi ba. Abin da ake bukata shi ne sanin abin da za a tarar.

Ɗaurin aure a wurinsu aikin hukuma ne. Ango da amarya sukan yi rajista a ofishin gwamnati, wani lokaci watanni kafin biki. Abin da ake gayyatar baƙo liyafa ce, galibi a otal, mutum goma a kowane teburi.

Gudummawa kuɗi ce, a cikin jan ambulan. A bakin ƙofa akwai mai karɓa yana rubuta suna da adadi, kamar yadda matanmu suke riƙe lissafin biki domin ramawa. Kada a sa farin ambulan, na makoki ne. A guji adadin da ke da 4, gama a harshensu kalmar tana kama da ta mutuwa. 6 da 8 suka fi so. Mu ba mu ɗauka lamba tana da wani iko ba, amma ba dalilin ɓata wa mai gida rai ranar murnarsa. Haka nan ba a ba da kyautar agogo. Wajen sutura, ja na amarya ne, fari zalla ko baƙi zalla kuwa suna tuna makoki. Shuɗiyar shadda ta wadatar.

Inda lamiri yakan tsaya shi ne wajen rusunawa. Abubuwa biyu ne, kada mu haɗa su. Akwai miƙa shayi: ango da amarya su durƙusa gaban iyaye da manyan dangi, su miƙa shayi da hannu biyu, su kira surukai baba da mama. Wannan girmama iyaye ne masu rai, kuma wanda ya taso yana durƙusa wa mahaifinsa da safe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Akwai kuma, a gidajen da suka riƙe gargajiya, ƙona turare da rusunawa ga sama da ƙasa da allunan sunayen kakanni da suka mutu.

Wannan na biyu ya daɗe yana damun masu bi. Matteo Ricci, ɗan mishan da ya rasu a Beijin a 1610, ya ɗauke shi ladabi ne kawai. Waɗansu 'yan mishan suka ce sujada ce. Roma ta haramta shi a 1742, sai a 1939 ta sassauta. Gardamar da ta ci ɗaruruwan shekaru ba za mu raina ta ba. Sauƙin da baƙo yake da shi shi ne, hidimar ta 'yan gida ce, ba a cika sa na waje a ciki ba. In aka miƙo maka turare, sai ka yi godiya, ka ce kai Kirista ne, ka tsaya gefe da natsuwa. Ba wurin wa'azi ba ne, ba kuma wurin ɓata fuska ba.

A gaskiya giya ta fi turare zama gwaji. Ango da amarya sukan zaga teburi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe da kofi, ana so a shanye. Giyarsu fara ce kamar ruwa, tana da ƙarfi ƙwarai. Tun a zaman farko ka faɗa cewa ba ka sha, kada ka jira sai an cika maka kofi. Su kansu sun san al'adar ɗaga shayi a maimakon giya, ba a ɗauke ta raini ba. In za ka haɗa kofi da wanda ya girme ka, ka sa bakin naka ƙasa da nasa.

Abinci yakan zo kwano bayan kwano, har da kifi sukutum da naman alade. Da yawa daga cikinmu a nan arewa ba mu saba da alade ba. A wuce shi shiru, a ɗebi wani. In kuwa tare kuke da abokin tafiya Musulmi, ka sanar da mai gida tun kafin ranar. Da an kawo 'ya'yan itace, liyafa ta ƙare, mutane sukan watse nan da nan. Ango da amarya suna bakin ƙofa, a nan ake sallama.