Ƙyallin Fuskar Kwamfuta da Gajiyar Ido

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, zama a gaban wannan na'ura ya zama jiki ga ɗalibai a Nijeriya. Ɗalibin koyon aikin malanta da ita yake buga kundinsa, da ita kuma yake tsara darasi. A unguwa irin Giginyu da ke Ƙaramar Hukumar Nassarawa a Kano, akan ga ɗalibi a baranda ko a gindin darbejiya da kwamfutar tafi-da-gidanka, yana ƙanƙance ido domin ya ga rubutu, daga baya ya tashi da ciwon kai. Wannan darasi zai bayyana musabbabin hakan da hanyoyin magance shi.

2.0 Mene ne Ƙyalli?

Fuskar kwamfuta iri biyu ce: mai sheƙi da marar sheƙi. Mai sheƙi sumul take kamar madubi, saboda haka duk hasken da ya faɗa mata daga taga ko ƙwan lantarki sai ta mayar da shi kai tsaye cikin idon mai kallo. Wannan hasken da ke dawowa shi ake kira ƙyalli. Ita kuwa marar sheƙi an yi mata wani shafi mai ɗan kaushi da ke warwatsa hasken. Fuska mai sheƙi ta yaɗu ne a tsakiyar shekarun 2000, domin launuka sun fi fitowa raɗau a kanta. Kamfanin Apple ma ya sanya ta a MacBook a 2006.

3.0 Dalilan Gajiyar Ido

Na farko, idan hoton taga ya hau kan rubutu, ido yakan yi ta faman tantance abubuwa biyu a wuri ɗaya, tsokar da ke daidaita gani ta gaji. Na biyu, mutum yakan ƙifta ido kimanin sau 15 zuwa 20 a minti guda, amma idan ya ƙura wa kwamfuta ido, ƙiftawar takan ragu ƙwarai, sai danshin ido ya bushe. Na uku shi ne yanayi. Kano na kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, ranarta na da ƙarfi, kuma busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta sukan ƙara bushewar ido. Alamomin sun haɗa da zafin ido, da jansa, da gani dishi-dishi, da ciwon kai da na wuya.

4.0 Hanyoyin Magancewa

i. A ajiye kwamfuta yadda taga za ta kasance a gefe, ba a gaban mai aiki ko a bayansa ba. Tagar gabas ta fi damuwa da safe, ta yamma da la'asar, don haka a saki labule.

ii. A kashe fuskar a duba. Duk fitilar da aka hango a cikinta ita ce tushen ƙyallin. Sai a karkata murfin har ta ɓace.

iii. A daidaita hasken fuskar da na ɗaki. Idan an ɗauke wuta da dare, a rage shi, a kunna ƙaramar fitila a gefe.

iv. A bar tazarar santimita 50 zuwa 70 tsakanin ido da fuskar, samanta ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa, a kuma ƙara girman haruffa.

v. A bi ƙa'idar 20-20-20: bayan kowane minti 20, a dubi abin da ke nesa da ƙafa 20, wato kimanin mita 6, na tsawon daƙiƙa 20.

vi. A riƙa share ƙura da tattausan ƙyalle, a kuma manna ledar rage ƙyalli idan da hali.

Game da tabarau mai tace shuɗin haske kuwa, nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2023 bai sami hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Gyaran wurin zama ya fi shi sauƙi da araha.

5.0 Kammalawa

Gajiyar ido kan wuce idan an huta. Amma idan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, tana iya zama alamar buƙatar tabarau, sai a garzaya wurin likitan ido, kamar a Asibitin Ido na ECWA ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a guji ɗiga maganin da ba likita ne ya rubuta ba. Malamin gobe shi zai tsara zaman yara a ɗakin kwamfuta. Idan ya san inda zai juya tebur da lokacin da zai ce su ɗaga kai su huta, ya kare musu idon da za su yi karatu da shi. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta fuska mai sheƙi da marar sheƙi.

2. Zana taswirar ajinku, ka nuna inda ya dace a jera kwamfutoci, tare da kawo dalili.