Kwanon da Ake Tafiya da Shi Wayam

A shekarar 1990, a jihar Michigan ta Amurka, wani malamin zane da ginin tukwane mai suna John Hartom ya so ɗalibansa su sa hannu a aikin ciyar da mabuƙatan garinsu. Shi da matarsa Lisa Blackburn sai suka ce a ɗauko yumɓu. Yara suka gina kwanoni ɗari da 'yan kai, aka gasa su, aka dafa miya, aka gayyato malaman makarantar. Kowa ya zaɓi kwanon da ya yi masa, aka zuba masa ya ci da burodi, ya ba da abin da ya sawwaƙa. Da aka kammala sai aka ce kada wanda ya mayar da kwanonsa. Kowa ya tafi da abinsa gida, ya ajiye inda ido zai riƙa kai wa, don ya tuna akwai gidajen da kwanonsu haka yake kwana ya wuni babu komai ciki. Sunan da suka sa wa abin shi ne Empty Bowls. Yau ɗakunan ginin tukwane da makarantu a Amurka da Kanada da wasu ƙasashe suna yin sa duk shekara, kuma ba wata hedikwata ake aika wa kuɗin ba. Kowane gari nasa mayunwatan yake ciyarwa.

Mutumin Batsari ko Safana ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya san ciyayya. Bayan magariba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kwano ya fito daga wannan gida, akushi ya fito daga wancan, tuwon dawa da miyar kuka, wani dambu, wani ɗan wake. Magidanta su kewaye, a buɗe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba a hura wuta a gidansa ba ranar shi ma ya wanke hannu ya sa, ba mai tambayarsa ina nasa kwanon. Mata kuma suna da tasu hanyar, musamman da azumi: a ɗora wa yarinya kwano a ka ta kai maƙwabta, kuma uwar gidan da aka kai wa ba za ta yarda ta mayar da shi haka nan ba. Ko gyaɗa ce, ko ɗan sabulu, sai ta jefa wani abu. Idan ba ta da abin sawa, kwanon ya kwana a ɗakinta yana damunta har sai ta samu.

To wannan damuwar ce mutanen Michigan suka kama. Sun miƙa maka kwano wayam da gangan, sun ce riƙe, naka ne. Kuɗin da ka bayar yau zai ƙare a sati guda, amma kwanon yana nan a kan kanta, kana ganinsa da safe kana ganinsa da dare, kamar kwanon maƙwabciya da ba a mayar ba. Ni a ganina wannan ne ƙarfin dabarar, ya fi miyar ya fi taron.

Ginin kwanonin kansa gayya ce. Mai ɗakin tukwane ya sa rana, ya ba da yumɓu da wuri kyauta, likita ya zo, direba ya zo, tsohuwa ta zo da jikokinta, kowa ya naɗe hannun riga. Waɗanda suka iya sukan hau wani faifai mai juyawa, a taka shi da ƙafa kamar keken ɗinki ko a sa masa wutar lantarki, curin yumɓu yana juyi a tsakiya, hannu yana ɗaga shi har ya zama kwano cikin 'yan mintuna. Waɗanda ba su iya ba su murza da yatsu kamar mai cura fura. Ba ranar ake ci a ciki ba, sai ya sha iska ya bushe sarai, a sa shi a tanderu irin na gidan burodi amma mai zafin da ya kai digiri 1,000 ko fiye, a fito da shi a shafa masa wani ruwan garin duwatsu, a sake mayarwa wuta. Wannan shafin ne yake narkewa ya zama sheƙin da kake gani a farantin tangaran na jeren amarya, shi ne kuma yake hana kwano shan miya. Aikin yakan ci makonni, kuma kamar kowace gayya, wani kwanon ya fito a karkace, wani baki ya fi gindi nauyi. Sau da yawa irin waɗannan ake rububi, don an san hannun yaron da ya gina.

Abin da ya sa nake kawo wannan labari shi ne halin da ƙasarmu ta yammacin Katsina take ciki. Mutanen garuruwan da ke bakin dajin Rugu, daga Ruma da Wagini har Runka da Zakka, manoma ne da suka saba ciyar da wasu. Rogo da dankalin Batsari sun yi suna a kasuwannin jihar. Sai 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. A 2021 har layin waya aka katse a ƙananan hukumomin Batsari da Safana, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanninsu. Mata da yara suka cika azuzuwan firamare da kangaye a cikin gari. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take jinyar yara masu tamowa a Katsina tun 2021, ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar a watanni shida na farkon 2025. Waɗannan waɗanda aka iya kai wa asibiti ke nan. Ciyayyar ƙofar gida ba ta mutu ba, amma tabarmar ta yi wa masu zama kaɗan, kuma masu fito da kwano sun ragu.

Hanyar da muka saba ita ce ƙaddamar da asusu: a kafa rumfa, a gayyato manya, a riƙa shelar alkawuran miliyoyi a lasifika. Tana da amfaninta idan an cika alkawari, sai dai talaka a wurin ɗan kallo ne. Mai naira 500 yana jin kunyar tashi a bayan mai miliyan biyar. A taron kwano kuwa, mai ɗari biyar da mai dubu hamsin miya ɗaya za su sha, kwano ɗaya ɗaya za su ɗauka.

Kuma ba mu rasa masu gini ba. Duk ranar kasuwa akwai gefen da ake jera tulu da randa da kasko da tandar waina da asusun yara, sana'ar da roba da silba da kula suka matse har 'ya'yan magina suna gudunta. Su ba faifan lantarki gare su ba, hannu ne da ɗan dutsen goge tukunya, gashi kuma da kara da kashin shanu a fili. Kada wani ya raina wannan. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da hannu ta koyi gini a ƙauyensu kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, kuma tukwanenta sun kai har Landan. Idan 'yan Batsari da Safana mazauna Katsina da Kano da Abuja suka yi odar kasake ɗari biyar daga maginan gida, an riga an ciyar da gidaje tun kafin a ɗora tukunya. A kawo ɗaliban sakandare da 'yan Islamiyya su zauna gaban tsofaffin magina su ɓata hannu da laka, kowa ya zana alamarsa a gindin nasa.

Kaskonmu ba shi da sheƙi, yana shan ruwa, don haka ba sai an kwaikwayi miyar Turawa ba. Dambu ya isa, ko dafaffen rogo da ƙuli, ko kwaɗon zogale, abin da mai gudun hijira zai gani ya san nasa ne. Lokacin da ya dace shi ne da kaka, sanda yumɓu yake bushewa da wuri, hatsi kuma yake da sauƙi. A sayi gero da dawa a lokacin da kuɗin da aka tara, a damƙa wa amintattun da unguwa ta yarda da su, liman da mai unguwa da shugabar mata, a rubuta kowane buhu a karanta wa jama'a. Sai a riƙe har tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada, a fara aunawa gidajen da ke da yara ƙanana da mata masu shayarwa.